Sahu a Kwarin Ɗinya

Duk Garin Ƙirya babu mai kiran Badaru da sunansa na yanka. Yara da manya "Saja" suke ce masa, in ya ba da baya kuma su ce "Mai Gadin Sama". Taubashinsa Manu mahauci ne ya laƙa masa sunan, shi kaɗai ne kuma ke faɗa masa a gaban idonsa, har ya ƙara da tambayar ko yau an kama ɓarawo a cikin gajimare.

Sunan dai da asalinsa. Tun Badaru yana saurayi a aikin soja aka zaɓe su su takwas aka tura su wata ƙasa mai dusar ƙanƙara, suka shekara biyu suna koyon aiki da makami mai linzami, irin wanda ake harbawa daga ƙasa ya kakkaɓo jirgin sama. Jirgin da ya ɗauko bama-bamai yana can nesa, kamar daga Runka zuwa Kano, na'urar rada ta riga ta hango shi, kafin matuƙinsa ya san inda ake ciki makami ya tarye shi a hanya. An koya musu har da tare wanda ya fi wuya, wato makamin nan marar matuƙi mai tafiya ƙasa-ƙasa, yana bin kwari yana kauce wa tudu don kada a gan shi. Badaru ne ya zo na biyu a ajinsu. Da suka dawo gida aka yi musu liyafa, aka ce kayan aiki suna hanya. Shekara ashirin da huɗu kayan nan suna hanya. Ya yi furfura a gaban wata tsohuwar rada da ba ta aiki sai ranar da aka kawo wuta, yana jiran abokin gabar da bai taɓa zuwa ba, har ya yi ritaya ya dawo garinsu tsakanin Runka da Wagini ya kama noma.

Da abokin gaba ya tashi zuwa kuwa, bai zo ta sama ba. A kan babur ya zo, uku-uku, da rawani da bindiga a kafaɗa, daga dajin da ke yamma da gari. Suka kwashe shanun huɗa, suka kashe yayan Badaru a bakin gonarsa, suka mai da rabin garin 'yan gudun hijira a Batsari. Wannan shi ne abin da ke ci wa Badaru rai safe da yamma. An kashe dukiya an koya masa kare ƙasa daga abin da ke tafiya da saurin walƙiya, ga shi an kasa kare garinsu daga abin da ke tsayawa a hanya ya sha mai.

Da bazarar shekarar da aka datse layukan waya, haƙurinsa ya ƙare. Ya lura 'yan bindiga sun mai da Kwarin Ɗinya zango. Wuri ne mai albarka, tafiyar rabin awa a babur daga gari, da manyan bishiyoyin ɗinya guda uku a bakin rafi. Duk bayan kwana biyu ko uku, da hantsi, sai su yada zango a inuwar nan su yanka abin da suka sato. Badaru ya yi mako uku yana leƙensu daga kan wani dutse. Sannan ya zauna ya rubuta takarda irin ta ƙwararru, ya zana taswira, ya sa lambobin wurin daidai, ya faɗi yawan baburan da lokacin da suke zuwa, ya roƙi a turo jirgi. Ya kai ta wani ofis a Safana da hannunsa. Ban da matarsa Asama'u babu wanda ya sani, don a shekarun nan bango ma yana da kunne, wanda aka ce ya kai rahoto kuwa ba ya kwana biyu.

Shiru kake ji. Wata ɗaya, wata biyu. Damina ta sauka, rafi ya kawo, 'yan bindiga suka canza hanya. Mutanen gari da yunwa ta matsa suka yi shahada suka shuka dawa da wake a kwarin, Allah kuma ya ba da amfani irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Badaru kansa ya cire rai da takardar, ya ce ta bi sahun kayan da ke hanya.

Ranar wata Litinin da kaka, yana gyaran jinkar rumbu, sai ya ji ƙara can sama. Ya sa hannu ya kare rana. Wani ɗan ƙaramin jirgi ne yana zagaye a hankali, a yamma, daidai saitin Kwarin Ɗinya. Ya yi zagaye huɗu ya tafi. Talata ma da hantsi ya dawo ya yi haka. Yara suna ta ɗaga masa hannu, mata suna cewa Alhamdulillahi an tuna da su. Badaru kuwa bai yi murna ba, don ya san wannan jirgin ba ya harbi, kallo yake yi yana ɗaukar hoto, kuma wanda ke harbin yana biye da shi. Ranar Alhamis kuwa aka sa gayyar girbi a kwarin, gari gaba ɗaya, maza da mata.

Ya shiga gida ya sami Asama'u tana tankaɗe.

"Asama'u, takardata ta isa."

Ta ajiye rariya. "Wace takarda, Malam?"

"Ta bazara. Yanzu suka buɗe ta. Wurin da na rubuta suke dubawa."

"Ai ɓarayin sun bar wurin tun ruwan hwarko."

"Ni da ke muka sani. Takarda ba ta san damina ta sauka ba."

Ba halin buga waya, layi a datse yake tun watan jiya. Da safiyar Laraba ya hau a-kori-kura ya nufi Safana, a tsaye a bayan mota tsakanin buhunan gawayi. A ofis ya tarar da wani matashi mai fara'a, wanda ya ba shi kujera ya saurare shi da ladabi. Ladabin nan ne ma ya fi ƙona wa Badaru rai. Ya yi bayani dalla-dalla, cewa shi ya kawo rahoton, rahoton ya tsufa, gobe talakawa sittin za su taru a daidai lambobin da ya rubuta. Matashin ya jinjina kai ya ce gaskiya abin dubawa ne, amma takarda in ta wuce sama ba ta dawowa, su nan karɓa kawai suke yi. Ya ce Baba ya rubuto wata a janye ta farkon, za a tura.

"Ta farkon wata shida ta yi a hanya," in ji Badaru. "Gayya gobe ce."

"To Baba, sai a ɗage gayyar mana."

Badaru ya dube shi, ya dubi fankar da ke juyawa a kansa. Ya so ya tambaye shi ko ya taɓa ganin wake ya bushe a gona yana fashewa, ko ya taɓa jin tsuntsayen jan-baki sun sauka a kan dawa. Ya ga ɓata yawu ne. Ya dai rubuta takardar a tsaye, ya sa hannu, ya fito yana huci.

Bayan la'asar ya tarar da maza a ƙofar masallaci suna raba aikin gobe. Jamaluddeen, ɗan yayansa marigayi, shi ke jagorancin gayyar, mutum ne mai zafin nama da gari ke ji da shi. Badaru ya nemi a ɗage zuwa mako mai zuwa.

"Baba, ba ta ɗaguwa," Jamaluddeen ya ce. "An ce mutanen daji sun tahi wajen Zanhwara, ba mu san ranar dawowarsu ba. Wake na hwashewa. Gidaje nawa ne a garin ga ba su ɗora tukunya ba jiya? In muka bari suka dawo, su za su girbe."

"Jirgin nan da kuke gani, Jamalu, ba gaisuwa ya zo yi ba."

Manu mahauci ya tuntsire da dariya. "Kun ji Mai Gadin Sama! Shekara ukku muna kukan a kawo jirgi, yau an kawo, shi kuma ya ce mu ɓoye. Saja, kishi kake don ba kai ke tuƙa shi ba?"

Aka yi dariya. Badaru ya jira ta lafa, sannan ya yi musu bayani yadda za su gane. Ya ce a aikinsu, kafin a harba makami sai rada ta yi wa jirgi sallama. Jirgin da yake na gida yana da wata na'ura mai amsawa, in ya amsa an san namu ne, in ya yi shiru an ɗauke shi abokin gaba. Malaminsu ya sha gaya musu cewa harbi ba shi ne wuya ba, wuyar ita ce sanin wa kake harbi, don mutumin da ke gaban allo ɗigo kawai yake gani, ɗigo kuma ba shi da fuska. Ya ce to su talakawa ba su da na'urar amsa sallama. Gobe za su fita babura kusan talatin a jere, kowanne da goyon biyu, kowa ya naɗe fuska da rawani saboda ƙaiƙayi, kowa ya rataya magirbi a kafaɗa. Ya ce su gaya masa, daga sama, wannan ayarin na su wane ne?

Wasu suka fara gamsuwa. Amma Jamaluddeen ya ce kwari nawa ne a ƙasar Safana, mi zai sa jirgi ya zaɓi nasu? Zato ne kawai, ba kuwa a barin abinci a gona saboda zato.

Nan Badaru ya ga ba makawa. Ya dubi fuskokin da ke zaune, mutum kusan arba'in, ya san a cikinsu ba a rasa wanda kunnensa na daji ne. Ya tuna karin maganar da ke cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

"Ba zato ba ne," ya ce. "Ni na kira shi. Ni na rubuta da bazara, na ba da lambar ɗinyoyin nan ukku, na ce da hantsi ake samunsu. Yanzu takardar ta isa."

Wani tsoho ya ce innalillahi a hankali. Kowa ya san abin da Saja ya yi wa kansa da wannan magana, ya kuma san mutum ba ya sayar da ransa haka a kan zato.

Liman Salmanu ne ya fara magana. Ya ce yunwa gaskiya ce, jirgi ma gaskiya ne, sai a nemi hanya tsakaninsu. Ya tambayi Saja abin da za a yi in har sai an tafi.

Badaru ya ba su sharuɗɗa huɗu. Babu rawani, kowa ya sha ƙaiƙayi. Magirbi a ɗaure shi a jikin babur, a gona kuma a riƙe shi a hannu, kada a ga komai a kafaɗar kowa. Babura a warwatsa su a fili, nesa da ɗinyoyi. Na huɗu shi ne mai wuyar, in jirgi ya zo kada wanda ya gudu. Ya ce ɗan bindiga in ya ji jirgi watsewa yake ya faɗa daji, mai gudu duk sunansa ɗan bindiga. Su kuwa su zubar da abin da ke hannunsu, su fito fili, su yi sahu kamar na salla, maza gaba mata baya. Ya ce duk ƙasar nan babu matuƙin da bai san siffar sahu ba, ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba.

"Sahu ba salla ba, Saja?" Liman ya tambaya. "Ba a wasa da siffar ibada."

"To a yi sallar, Allah gafarta Malam."

Liman ya yi ɗan tunani. Ya ce hantsi lokacin walaha ne, kowa ya fita da alwalarsa, wanda tasa ta karye ga ƙasa nan ya yi taimama. Ya ce bai ga ranar da suka fi bukatar raka'a biyu kamar gobe ba.

Da sassafe aka fita, mutum sittin da uku, babura ashirin da shida. Tun a hanya Badaru ya gane faɗa da ɗabi'a ya fi faɗa da jirgi wuya. Manomi bai san lokacin da magirbi ke hawa kafaɗarsa ba, haka ya ga ubansa yana yi, haka kakansa. Mutum zai sauka daga babur, ya kwance magirbi, kafin ya taka uku ya rataya shi. Badaru ya yi ta bin su yana fizgewa yana faɗa, har da waɗanda suka girme shi.

Sai maganar babura. A nan ne suka ƙi shi ƙememe. A lokacin an hana sayar da mai a jarka, kwalba ɗaya sai an sha wuya, kowa kuma ya yi imani rana tana shanye mai a tanki. Wa zai bar babur ɗinsa a tsakiyar rana ga inuwa tana kallonsa? Ɗaya ya tura nasa ƙarƙashin ɗinya, na biyu ya bi, kafin Badaru ya dawo daga ƙarshen gona duk ashirin da shida sun jeru a inuwar kamar an shirya su don hoto. Ya yi ihu har muryarsa ta dushe.

"Baba, an yi maka ukku, ka bar muna ɗaya," Jamaluddeen ya ce. "In mai ya ƙone da mi za mu kwashe kayan?"

Mata ma sun fara kafa murhu a gindin ɗinya ta uku don dafa abincin gayya. Badaru ya dubi matarsa kawai. Asama'u ta sunkuya ta ɗauki babbar tukunya ta ɗora a ka, ta nufi tsakiyar gona inda ko inuwar kara babu. Matan suka yi ta gunaguni suna cewa Asama'u ta kamu da ciwon mijinta, amma tunda tukunya ta tafi dole wuta ta bi ta.

Aiki ya kankama. Maza suna sarar dawa suna kwantarwa, mata suna roron wake, ana waƙa ana zolaya. Rana ta ɗaga. Manu ya fara cewa a ba Saja tabarma ya kwanta ya yi gadin saman da kyau. Badaru kuwa ko kara ɗaya bai sara da hankalinsa ba, kunnensa yana gabas.

Shi ya fara ji. Wannan ƙarar daban take da ta Litinin, mai kauri ce, tana tahowa da sauri.

"Ku zubar! Sahu! Sahu!"

Abin da aka faɗa a ƙofar masallaci daban, abin da ƙafa ke so daban. Jirgin ya keto ta kansu da ƙarar da ta sa mata suka dafe kunne, nan take gona ta hargitse. Wasu samari suka nufi rafi. Manu, da duk bakinsa, ya yar da hula ya zura a guje wajen ɗinyoyi inda babur ɗinsa yake. Badaru mai shekara sittin da bakwai ya bi shi, ya cafko wuyan rigarsa, suka zube tare a kan kunya.

"Sake ni, Saja! Mashin ɗina!"

"Wallahi ka ƙara taku ɗaya sai na karya maka ƙafa. Tashi!"

Sai muryar Liman Salmanu ta tashi daga tsakiyar fili, yana kiran a daidaita sahu, da irin muryar da yake yi kullum a masallaci, ba gaggawa ba rawar murya. Wannan ce ta yi aikin da ihun Badaru ya kasa. Jiki ya san wannan kira. Jamaluddeen ya tsaya a bayan Liman, wani ya tsaya kusa da shi, samarin da suka kai bakin rafi suka juyo. Kafaɗa ta haɗu da kafaɗa a kan kututturen dawa, sahu uku na maza, biyu na mata. Badaru ya ja Manu ya cusa shi a ƙarshen sahu na biyu, ya tsaya a gefensa yana riƙe da hannun rigarsa.

Liman ya yi kabbara.

Badaru ya yi sallar nan, amma Allah ya sani rabin zuciyarsa tana lissafi. Ya ji jirgin ya yi nisa, ya ji ya karkata, ya san zai dawo. Ana cikin Fatiha ya sake wucewa, ƙasa-ƙasa, inuwarsa ta share sahun. Wata mata ta fashe da kuka a baya amma ba ta motsa ba. Ya sake yin nisa. Badaru ya san zagaye na uku shi ne na aiki, haka aka koya masa. A ransa yana magana da yaron da ke cikin jirgin, wanda watakila sa'an Jamalu ne, yana cewa duba da kyau ɗana, ka ga sahu, ka ga zannuwan mata, ka ga tukunya a kan wuta, mun amsa sallama.

Suna ruku'u ƙarar ta canza. Ya san wannan canjin. Ya damƙe hannun Manu.

Ƙasa ta girgiza har sahun farko ya zube a kan gwiwa. Iska mai zafi ta buge su, ƙasa da ganye da gutsattsarin itace suka yi ta zubo musu a baya. Sai fashewa ta biyu. Kunnen kowa ya toshe. A cikin wannan toshewar Badaru ya hango bakin Liman yana motsi, ya ga ya ɗago ya tafi sujada, sahu kuma ya bi shi. Suka ƙarasa raka'a biyun nan hayaƙi yana turnuƙe su, tankunan babura suna fashewa ɗaya bayan ɗaya can taku ɗari uku daga inda suke.

Da aka sallame jirgin ya tafi. Inda ɗinyoyi uku suke tun zamanin kakanni, sai rami biyu da wuta. Jamaluddeen ya bi sahu yana ƙirga kawuna da yatsa, ya kai ƙarshe ya sake farawa. Sittin da uku. Wata yarinya ce kawai itace ya tsaga wa goshi. Murhun da mata suka fara kafawa da safe, ko duwatsunsa ba a gani ba.

Manu ya zauna a ƙasa yana kallon wutar. Babur ɗin nan da shi yake kai nama kasuwar Runka, shi ne abincinsa. Can ya kama hannun Badaru ya riƙe, yana kuka kamar yaro.

Ko matuƙin ya ga sahun ne ya kauce musu, ko kuwa lambar da aka ba shi kawai ya bi, Badaru bai sani ba, har yau kuma bai sani ba. Mutane suna ta yi masa godiya, shi kuwa baƙin ciki kawai yake ji. Shekara ashirin da huɗu yana jiran ranar da iliminsa zai kare mutanen ƙasarsa daga jirgin yaƙi. Ranar ta zo, jirgin kuma na ƙasarsa ne.

Ba su bar amfanin ba. Suka ɗaure abin da za su iya, suka ɗora a ka, maza da mata, suka tako da ƙafa har gida, suka iso bayan la'asar kafaɗu a sage.

Washegari Juma'a, da yamma, aka taru a ƙofar gidan Badaru, don rediyonsa ne kaɗai ke da batir. A cikin gida Asama'u tana ɗaure kaya, gobe za su bi a-kori-kura zuwa Batsari. Maganar da ya yi a ƙofar masallaci ta riga ta yi ƙafa, kowa ya san ba za ta wuce kwana uku ba ta isa daji. Zai bar gonarsa da rumbun da bai gama yi wa jinka ba.

Aka fara labarai. Na uku a ciki nasu ne. Mai karantawa ya ce wani mai magana da yawun hukuma ya sanar da gagarumar nasara a yankin Safana, inda jirgin yaƙi ya tarwatsa sansanin 'yan bindiga a wani kwari, ya ƙona babura ashirin da shida, ya hallaka 'yan ta'adda fiye da sittin. Ya ce an samu nasarar ne bisa sahihin bayani daga wani ɗan kishin ƙasa, ana kuma kira ga jama'a su yi koyi da shi.

Mutum fiye da sittin ɗin suna zaune a kan tabarmi da dakali, wasu da tsinken sakace a baki.

"Saja," Manu ya ce, "ashe mun mutu tun jiya ba a hwaɗa muna ba."

Ba wanda ya yi dariya. Badaru ya miƙe ya shige gida. Ya buɗe akwatin ƙarfensa, ya ture tsohon hotonsa da ya ɗauka a gindin makamin nan cikin dusar ƙanƙara, ya zaro takarda da biro. Ya zauna a bakin gado ya ɗora takardar a gwiwa. Asama'u ta bar ƙullin da take yi.

"Mi za ka rubuta kuma, Malam?"

"Sunayensu. Duka sittin da ukku, da sunan uban kowa. In shaida masu ƙarya suka yi, mutanen ga manoma ne, kuma suna nan da ransu."

Ta tako ta tsaya a kansa. Shekara arba'in suna tare ba ta taɓa karɓar abu daga hannunsa ba sai ya miƙa mata. Yau ta sa hannu ta zare biron.

"Ka rubuta masu inda ɓarayi suke, ka ga abin da suka aiko. Yanzu za ka rubuta masu inda muke, ka ce ba mu mutu ba? Bar mu a matattu, Malam. In suka ji muna da rai, dawowa za su yi su gyara kuskure."

Ta jefa biron cikin ƙullin kaya ta ɗaure bakinsa, Badaru kuma ya zauna da farar takarda a gwiwa, yana jin muryar Jamalu a waje yana tambayar wa ke da jaki, don akwai sauran dawa a kwari.